Takardar Ƙarƙashin Sirdi

Ran Laraba aka miƙo mini lasin,
hotona a kai, kunnuwa a tsaye
kamar zomon da ya ji takun kare.
Riɗin bana da tumakin Inna biyu,
su suka rikiɗe suka zama jan babur
wanda ko ledar sirdinsa ban ɓare ba.

Kawu Barau ya tofa tasa a gindin tsamiya:
"Inshora? Mai rabon karaya sai ya karye.
Shekara talatin ina cin Gujungu a kan keke,
wa ya taɓa ba ni takarda?"
Na sunkuyar da kai, ban tanka ba.
Keke ai bai iya gudun
da ke raba mutum da gonarsa ba.

Ni na ga Tanimu ranar wata Lahadi,
buhun gero a baya, yaro ya gifta,
ƙafa ta karye gida biyu.
Kafin a sallamo yaron daga asibiti
fadamar ubansa ta koma hannun wani,
shi kuwa yanzu ƙwadago yake a cikinta.

A tashar Ringim, ƙarƙashin dalbejiya,
wani mai jaka, hatimi a aljihun gaba,
ya ce, "Kawo kaɗan, karɓi da zafinta."
Na ce, "In na ture akuyar mutane fa?"
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi:
"Samari, wannan ta nuna wa masu kaki ce.
Ba ta san akuya ba, ba ta san likita ba."
Na shafa, tawada ta biyo yatsana.
Wanda ya sayi rariya
ya san ruwa ba zai kwana a ciki ba.
Na mayar masa da kayarsa.

Sai Dutse.
Bene, fanka mai ɗingishi, benci mai ƙusa,
da Malama Ladidi, tabarau a kan hanci,
tana magana kamar mai awon hatsi,
ba ƙari, ba ƙwange.
"Iri biyu ce, Haladu.
Ƙaramar ta wanda ka buge ce:
jikinsa, kayansa, katangar gidansa.
Kai da babur ɗinka, ku ji da kanku.
Babbar ta haɗa da sata da gobara,
amma kuɗinta sai ka zauna tukuna."
Ta faɗa. Gara da na zauna.

Na juya baya na kwance bakin aljihu,
na ƙirga, na lashi yatsa, na sake ƙirgawa,
kuɗi ba sa haihuwa don an kalle su.
Na ce, "In ɓarawo ya zo fa?"
Ta ce, "Sayi sarƙa, kwana kusa da shi."
Na ce, "To ba ni ta mutane."
Ta buga lambata, ta juyo da allon,
ga sunana, ga na mahaifina,
a wurin da ruwan sama ba ya wankewa.

Na naɗe ta a leda, na cusa ƙarƙashin sirdi.
Dab da gari wata akuya ta yanko titi,
'ya'yanta biyu na bin ta a guje.
Takarda ba ta taka birki.
Ƙafata ce ta taka, gabana na dukan uku-uku,
akuyar ko waiwaye ba ta yi ba.

Inna tana tankaɗe na shiga.
"Me ka sayo a birnin?"
Na warware ledar na miƙa mata.
Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa,
ta shinshina, garin dawa ya hau kusurwa.
Na yi mata bayani har tuwo ya kusa ƙonewa.
Ta ce, "Oh, ni 'yar Zubairu!
Ashe akwai hajar da mai saye
ke roƙon Allah kuɗinsa su tafi a banza."
Ta miƙo mini, ta karkaɗe hannu:
"To, Allah ya sa ka yi asararsu."

Na ce amin.