Jadawalin Dare

Ranar Litinin nake goge allo.
Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki
a ɗan ofishin da ke bayan ɗakin magani,
inda sanyin Jos ke shigowa ta ƙasan ƙofa
ya zauna a gwiwata kamar mai jiran kati.

Da na fara, sunaye sun fi layukan allon yawa,
sai na matse rubutu.
Yau alli guda kan kai ni wata uku.

Dokta Nandir ce ta buɗe mana shekara.
Ta ajiye takardar a kife, kamar mai ɓoye sadaka,
ta ce, "Baba, kar 'yan ɗakin yara su ji tukuna."
Wasu baƙi ne suka sauka a otal, can Rayfield,
kwana biyu tak, da na'ura da ruwan gora.
Suka tambaye ta abin da ta sani,
ta faɗa,
suka rubuta mata lamba a bayan kati.
Ta nuna mini. Na ƙirga sifili,
na cire tabarau na goge da bakin riga, na sake ƙirgawa.
Abin da muke ba ta daga Kirsimeti zuwa Kirsimeti
can ɗan wata biyu ne, ga gida kyauta.

To me zan ce mata?
Ni nake buga takardar albashinta.
Na san kuɗin kwanan asibiti na watan Yuni
yana Abuja, yana hutawa cikin fayil.
Na san alawus ɗin haɗari
bai sayi buhun dankali ba a Farin Gada,
alhali allurar da ta soke ta bara
sai da ta yi wata guda tana haɗiyar ƙwaya.

Shugaba ya ce a fitar da sanarwa, muka fitar:
ana neman likitoci shida.
Goma sha ɗaya suka zo, takalma na sheƙi,
na jera musu kujeru, na sayo musu ƙosai da kuɗina.
Sai takardar amincewa ta shiga hawa bene da sauka
har wata bakwai.
Kafin sa hannu ya iso, huɗu sun haye teku,
uku suna asibitin kuɗi,
ɗaya ya buɗe gonar kaji a Bukuru, an ce har ya yi ƙiba.
Sauran suka ji sharaɗi:
wucin gadi, wata uku-uku, ba fansho.
Suka yi godiya irin ta wanda ba zai dawo ba.

Garin nan ya san wannan tun kakanni.
An zo an haƙe kuza, an loda a jirgin ƙasa,
an bar mana kududdufai masu cin yara.
Yanzu ba ƙasa ake haƙa ba.

Saura Dokta Mamuda, mai furfura a gira.
Shi ne Litinin, shi ne Laraba,
shi ne Juma'a bayan an sauko.
Na taɓa samunsa yana barci a tsaye,
goshinsa jingine da tukunyar iskar numfashi.
In ya fita nan, wani kilinik yake wucewa a Tudun Wada
inda ake biyansa kan kowane kai, kamar wanzami.
Na tambaye shi, kai me ya hana ka tafiya?
Ya ce mahaifiyarsa ba ta cin tuwon da ba a gabansa aka tuƙa ba.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Yau ma Litinin.
Daga nan ina jin tarin wani yaro da aka kawo daga Mangu
tun asuba, cikin motar kabeji.
Gurbin daren Alhamis babu kowa.
Na riƙe alli har ya yi ɗumi a hannuna,
sannan na sake rubuta Mamuda,
ƙanana-ƙanana,
ko Allah zai sa ya rage masa nauyi.