Takardar Cikin Kwali

Shekara takwas ina haɗiye ta da ragowar shayin dare,
'yar mitsitsiya, ko ƙwayar shinkafa ta fi ta.
Ashirin da ɗaya a jere, bakwai na hutu.
Takardar cikin kwalin kuwa ban taɓa warware ta ba,
da ita na tokare ƙafar teburin cin abinci.

Ni ce Rayén, mai yanka tikiti
a akwatin ƙarfen da igiya ke ja saman tudun Valparaíso.
Yini nake ina kallon mutane suna hawa suna sauka,
jiragen ruwa a ƙasa kamar takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa.

A watan Yuli, tsakiyar sanyinmu,
wani nauyi ya tare a marata ta hagu.
In na sunkuya ya gaishe ni,
in na hau matakala ya riga ni isa.
Maƙwabciyata Herminia ta leƙo ta kan igiyar shanya,
ta ce ruwa ba ya tsami banza, ki je a duba.

Likita Urrutia ta shafa min mai sanyi a ciki,
ta juyo allon ya fuskance ni.
Toka-toka, hazo-hazo, sai wani baƙin zagaye a tsakiya.
Ta ce jakar ruwa ce a jikin gidan ƙwai,
girman lemun tsami.
Yawancinsu baƙi ne, wata biyu ko uku su kama hanya.
Wata ta fashe.
Wata ta murɗe gidan ƙwan kamar ana matse tsumma.
In ciwo ya sare ki farat ɗaya, ga amai,
kada ki jira gari ya waye.

Na ce ƙwayar ce ta jawo?
Ta ce irin taki ta fi hana sababbi tsirowa,
amma ba ta korar wadda ta riga ta shimfiɗa tabarma.
Sai ta yi shiru. Hancinta ya kai ga rigar sanyina.

Shekarunki?
Talatin da bakwai.
Kara nawa a yini?
Na ce biyar. Goma ne.
Ciwon kai fa?
Akwai, mai zuwa da walƙiya a gefen ido.

Ta ajiye biro.
Ta ce lemun bai tayar min da hankali kamar wannan ba.
Jini yakan daskare a jijiyar ƙwauri,
gudan ya ɓalle ya nufi huhu ba sallama,
wani kuma a kai yake toshe hanya.
Daga yau ki ajiye ta. Akwai wasu hanyoyin, zauna mu zaɓa.

Da dare na ɗaga teburin na zaro takardar.
Ta yi baƙi, ta sha miya.
Na warware, na warware, ta kusa kai zanin gado,
rubutu kamar sahun tururuwa.
Tashin zuciya. Nauyin nono. Ɗigon jini ba lokacinsa ba.
Kuka babu dalili.
Wannan na ɗora wa Baltasar shekara da shekaru,
shi da jirginsa da ba ya dawowa ranar da ya ce.

Ba zan zage ta ba.
Ita ta ba ni numfashi bayan haihuwa biyu a jere,
ita ta sassauta min ciwon watan da ke naɗe ni a ƙasa.
Ba ta ɓoye min komai ba,
ni ce na ɗora mata tebur a baki.

Satumba zan koma a sake haska lemun.
Kafin nan ina taka matakala a hankali,
tafin hannu a mara, kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

Jiya na ga irin kwalin a jakar Amaya.
Shekararta sha tara, ban ce uffan ba.
Na goge takardar, na shimfiɗa mata a kan matashi,
na ja layi ƙarƙashin wuri uku.

Teburin kuwa da kwalin taba na tokare shi.
Da sauran kara shida a ciki.
Na san adadinsu, don sau biyu ina durƙusawa in ƙirga.