Bokiti Na Huɗu

A Wad Madani, ranar wasa,
tun la'asar ba ta yi sakaliya ba
muke cika ƙofar gabas.
'Yan wasa su jira tukuna,
mu bokitan Inna Sittana suka tara mu.

Na fari zoɓo, karkade a bakin mutanen nan,
na biyu kuka, fara sol, mai kaurin koko,
na uku tsamiya mai tsinka yawu.
Na huɗun a rufe da faifai,
ba ta faɗin abin da ke ciki
ko ka haɗa ta da girman Allah.

Attayib tela ɗan jar riga ne,
bai taɓa kai farar kuka bakinsa ba.
Wai ina shi ina zuba launin abokan hamayya a cikinsa?
Mudassir direba kuwa ya kurɓi zoɓo,
ya riƙe a kunci, ya lumshe ido
kamar alƙali zai yanke hukunci:
"Wannan na Kurdufan ne, jiƙa shi aka yi, bai ga wuta ba.
Amma Inna, yau hannunki ya yi nauyi a sukari."
Ta ce, "Harshenka ne ya tsufa. Kawo kuɗina."

Cikin fili ba komai sai lemon kwalba
da ya wuni a rana,
a juye maka a leda, ka tsotsa kamar jinjiri.
Shi ya sa muke shiga da namu
a ƙarƙashin jallabiya,
ɗan sanda ya kau da kai,
don shi ma ɗan tsamiya ne.

Shekarar da Nuraini ɗan yayata ya dawo daga Jamus
ya ce can kowane gari da giyarsa,
wata ƙamshin ɓawon lemo, wata ɗacin ganye,
wata baƙa ƙirin kamar gahawa,
'yan kallo na musu a kai har a tashi wasa.
Attayib ya ce, "Allah ya raba mu da ita.
Amma tsaya, musun nasu ya kai namu?"

Inna ba ta tanka ba.
Ta ɗaga faifai, ta cika masa moɗa.
Ya kurɓa sau ɗaya ya yi tsit.
Citta ce, da kanumfari, da wani abu can ƙasa
mai kama da hayaƙin murhun gidanmu.
Ya ce, "Haka Umma take yi."
Ta ce, "Wa kake zato ya koya mini?
Shanye, an kusa hura usur."

Ran nan muka ci a minti na tamanin da bakwai.
Na yi tsalle na manta da kofi a hannuna,
zoɓo ya wanke mini gaban riga.
Matata ta sa sabulu, ta sa lemon tsami,
ta shanya, ta sake, ta haƙura.

Sai bindiga ta karɓe gari.
Mudassir ya kwashi mutane zuwa Gadarif bai dawo ba,
Attayib na ɗinki a wata ƙasa,
an ce Inna tana Sinja, an ce a'a, Kasala.
Ban san wa ke riƙe da faifan ba.

Rigar dai tana nan cikin jakata.
Jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.
Idan ana wasa a rediyo nakan sa ta,
in jiƙa zoɓo a kwanon sha,
in kurɓa in riƙe a kunci,
in ce sukari ya yi yawa,
in saurara ko wani zai ce ƙarya nake.