Kunnen Sallau

Da sassafe suka turo ta Kwangila,
mutum huɗu a baya, ɗaya a sitiyari,
akori-kurar Cindo mai tumatir.
Fara ce a takarda,
a ido kuwa jar ƙasar Hunkuyi ta rine ta.
Kwando talatin na jira a gona,
tumatir kuma bai san uzuri ba.

Cindo ya fara da lissafi kafin gaisuwa:
batir ya saya a Sabon Gari,
an canja nozil a Tudun Wada,
wani a Ɗanmagaji ya ce sai an sauke inji.
"Kuɗina duk suna cikinta, Sallau,
ita kuwa ta tashi, ta yi tari, ta mace."

Oga bai tanka ba.
Ya ɗaga bonet kamar mai buɗe akushin baƙo,
ya lakaci baƙin mai, ya murza a yatsa,
ya sansana tankin gas.
Shekara takwas ina bayansa da tsumma.
A nan na haddace karatun hayaƙi:
baƙi, ta ci ya fi ƙarfin numfashinta,
shuɗi, zobe ya gaji, tana shan mai a ɓoye,
fari kuwa sai ka zauna,
don maganarsa doguwa ce.

"Tayar da ita."
Na murɗa makulli. Ta karɓa, ta yi gunji,
ta yi rawar sanyi, ta shaƙe.
Ya kafa bakin sukundireba a jikin famfo,
ya manna ƙotar a kunne, ido rufe,
yadda ya saba tun ban fara gemu ba.
Sannan ya juyo: "Barau, me ka ji?"

Na ce iska take sha.
Ba ciwon inji ba ne, ƙishirwa ce,
ana ba ta kumfa a madadin gas.
Ya ce, "To, bi sawu."

Na danna famfon kan filta, lagwab,
na kwance notin, kumfa ta yi tsartuwa.
Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi,
ina bin tiyo taƙi bayan taƙi
har inda ya daɗe yana gogar ƙarfe.
Tsaga ce, ba ta kai farcen jariri ba.
Ita ta ci batir, ta ci nozil,
saura ƙiris ta ci inji.

Ina fitowa sifana ta kuɓuce min,
mai lamba sha bakwai,
ta faɗa kan tsohon faranti a bayansa.
Cindo ya zabura. Mai kunu ta waiga.
Tattabarun kan gada suka tashi.
Oga bai ko motsa wuya ba.

Na tsaya da tiyo a hannu.
Damina biyu ke nan yana tambayata me na ji,
ni ina ɗauka jarrabawa ce.

Muka yanka sabon tiyo, muka ɗaure,
muka zubar da iskar har gas ya fito garau.
Ta tashi da bugu ɗaya.
Cindo, da murna ta kama shi, ya ce a ƙara ganyen sifirin
ta riƙa ɗaukar arba'in.
Oga ya kalli bakinsa har ya rufe.
"Ganye zan ƙara maka, biyu.
Amma birki bai san ka ƙara ba,
kuma gangaren Basawa ba ya ragi."

Ya ɗora tafin hannu a kan bonet,
ya bar shi nan, yana sauraro ta fata.
Ya gyaɗa kai.

Ban gaya wa kowa ba.
Da la'asar wata ta shigo tana ƙwanƙwasa,
na ajiye tsumma,
na zagayo ta gabansa, inda zai ga leɓena,
na jira ya tambaya.