Daren Rufe Rajista

A Yalwa ta Garwa, daren Laraba,
ƙarfe tara da kwata na naɗe ƙafa.
Kwamfutar aro ce, ta ƙawar Habsatu,
na ɗora ta bisa tiren shayi.
Sha biyu na bugawa za a rufe rajistar ungozoma.

Akwatin rezo yana kan kabad,
fitila huɗu gare shi.
Uku kore shar. Ta huɗun tana ƙifta mini ido
kamar wanda ya ci bashina ya hango ni a kasuwa.

Na rubuta sunanta, na rubuta nawa,
na sa na uwarta, Allah ya kai haske kabarinta.
Ranar haihuwa: shekarar da Binuwai ta cinye mana masara.
Shafin bai san wannan ba, lamba yake nema.
Na ba shi lamba, na danna.
Wani ɗan zobe ya kama juyi,
juyi, juyi, akuya a turke,
sai fari fat.
Duk abin da na zuba ya shanye
kamar ruwa a yashin kogi tsakiyar rani.

Muka sake. Ya ce hotonta ya yi nauyi.
Habsatu, da iskar hadari ke turawa in ta fita shanya!
Muka rage ta, ya ce ta yi ƙanƙanta.

Shekara ashirin da shida ina jan tirela
daga Ngaundare har Kusiri.
Mota in ta mutu, ka buɗe bakinta,
ka ga ciwon, ka taɓa shi, ka sha baƙin mai.
Wannan ba shi da bakin buɗewa.
Ba hayaƙi, ba ƙara, ba wari,
sai haƙuri da yake ba ni da Faransanci
mai ladabi kamar ɗan sandan da ya riga ya karɓa.

Garga ɗan maƙwabta ya leƙo ta katanga:
"Baba, kashe ka kunna."
Na kashe, na kunna.
"Baba, ɗaga shi sama."
Ga ni da furfurata bisa turmi,
akwati a ka kamar mai tallan ƙosai,
ina roƙon sama abin da na riga na biya.
Jaka goma duk wata,
kuma ranar karɓa rezonsu bai taɓa yin ciwon kai ba.

Habsatu ba ta ce uffan ba.
Farcenta kawai take ci,
yadda uwarta ke yi in na daɗe a hanya.

Sha ɗaya da rabi, na uku ya tafi, bai dawo da labari ba.
Sha biyu saura takwas, na huɗu.
Zoben ya juya, ya tsaya, ya daskare.
Ladanin agogo ya buga.
Fitilar nan ta huɗu, munafuka,
sai a lokacin ta tsaya kore, ko ƙiftawa babu.

Na ce ta je ta kwanta, baɗi ma shekara ce.
Na ji ƙaryar a bakina kamar ɗacin goro.

Da asuba ina alwala wayata ta yi kuka.
Ta sake. Ta sake. Ta sake.
An karɓi Habsatu. An karɓi Habsatu.
An karɓi Habsatu, an kuma karɓi wata Habsat
wadda wutsiyar sunanta ta maƙale a hanya.
Kuɗin rajista sau huɗu, sun cire tsaf,
ko dala ba ta ɓace musu ba.

Na tsaya da buta a hannu ina dariya
har liman ya tayar ban sani ba.
'Ya ɗaya Allah ya bar mini.
Yau zan shiga gari neman ofishin
da zai yarda da haka.