Daren Alhamis a Taltal

Wata tara muna jira
kamar masu jiran haihuwa.
Ximena ta wanke labule, ta aro kujeru shida a coci,
Baldomero ya soya kifin da ya kamo da asuba,
ni kuwa na ɗauko rigar da rabona da ita
tun ranar da muka binne matata.
Ai dole. Ni na shayar da su.

Wata uku ina jan tankar ruwa daga bakin teku zuwa cikin hamada,
inda ƙasa ta yi ja kamar hanta,
inda ko ƙuda ba ya yarda ya kwana.
Can suka kafa jirginsu na katako da gwangwani,
suka ce nan ce wata duniyar,
shekara dubu bayan mun ruɓe.
Na dubi wurin, na ce ba ku yi ƙarya da yawa ba.

Ƙarfe tara aka kashe fitila.
Kiɗa ya taso daga akwatin har gilashin taga na rawa,
jikana Nahuel ya damƙe mini yatsa.

Sai ga mutum biyu a wani lungu mai shuɗin haske
suna gardama a kan wa ya ci amanar wa.
Muka ce sharar fage ce, bari dai.
Suka bar wannan lungu suka shiga wancan,
gardamar na biye da su kamar kare.
Minti arba'in.
Ga tagar jirgi a bayansu,
sararin Allah gaba ɗaya a buɗe,
ba wanda ya waiwaya.

Dodannin da aka ce za su hana mu barci
ashe mutane ne aka liƙa wa roba a goshi.
Na ma gane ɗaya:
yaron nan ɗan Santiago da ya yi amai a motata.
Har a wata duniyar tafiyarsa ta mai ciwon ciki ce.

Hamadarmu fa?
Ta fito. Daƙiƙa goma sha ɗaya, Ximena ta ƙirga.
Sun shafa mata kore, sun rataya mata wata biyu,
taurarin kuwa
kamar an barbaɗa gishiri a baƙin faranti.
Mutanen da suka kwana casa'in a ƙarƙashin samanmu,
inda masana ke hawa duwatsu da manyan madubai
don su leƙa abin da muke gani in mun fita fitsari,
su ne suka koma gida
suka sa na'ura ta zana musu nasu.

Baldomero ya zungure ni: Eleuterio, kai fa, ina kake?
An yi mini alkawarin zan fito cikin 'yan gudun hijira.
Wuni guda na tsaya a rana da bargo a ka.
Gwiwar hannuna ce ta fito, ta hagu,
a gefen allo, bayan kunnen jaruma.
Ɗakin ya tafa mata.
Na karɓi tafin a madadinta.

Da sunaye suka fara hawa allo
ba wanda ya ce uffan.
Kifi ya huce, mai ya daskare a faranti.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.
Wata tsohuwa ta nemi takalminta a ƙarƙashin kujera,
ta ce ko labaran yanayi sun fi wannan abin mamaki.
Ximena ta ce wai kashi na huɗu ya fi,
kuma kujerun sai Lahadi za a mayar.

Na saɓa Nahuel a kafaɗa, ya daɗe da yin barci.
Na fita da niyyar in tashe shi in nuna masa na gaske,
sai na tarar hazon teku ya riga ni,
ya rufe garin ruf, ko fitilar tasha ba a gani.

A kan hanya ya motsa, ya ce, Kaka, sun isa?
Na ce ba su ma tashi ba.