Aska Takwas

Malam Jelani, a zaurensa na Rijiyar Ɗorowa,
ya shimfiɗa shadda kan gwiwa kamar allo,
tawada ta fara wucewa, allura ta bi sawu.
Wata uku yana kan aljihu ɗaya.

Na ce, "Baba, injin Runjin Sambo
kwana biyu yake gama irin wannan."
Bai ɗago ba. Ya lashi bakin zaren tsamiya:
"Inji bai san ƙirjin mai riga ba."

Aska takwas suka gangaro daga kafaɗa,
dogaye, masu tsini, ba abin da suka yanka
sai idona.
Tambari ya zauna a dama, da'ira cikin da'ira,
kamar Rima in yaro ya jefa tsakuwa.

Ran Juma'a na hangi rigar a jikin wani,
ya naɗe hannunta bisa kafaɗa, yana cinikin goro.
Zufa ta jiƙa linzami,
ɗigon manja ya zauna kan aska ta shida.
Na koma a fusace na faɗa masa.

Ya yi dariya har tabarau ya zame.
"Wai bango na ɗinka wa?
Zanen da bai sha rana ba, ɗana, gawa ne."